Siminti a Jirgin Baba Orval

Masu magana suka ce dokin mai baki ya fi gudu. To, a lungunmu na bakin tafki jirgin mai baki ne ya fi gudu, mai bakin kuwa shi ne Royce Pruett. Ƙato ne, jajir, da tumbi kamar ya haɗiye randa. Ya yi shekaru yana sayar da katifu a Waco kafin ya ajiye aiki ya dawo bakin ruwa ya addabe mu. Kullum da farar hular kyaftin a kansa, kuma in ka tsaya gaisawa da shi, kafin ka zare hannunka ya riga ya gaya maka ya yi sojan ruwa. Ya yi ɗin, ba ƙarya ba ne, sai dai duk zamansa na soja a ɗakin ajiya ya yi shi yana ninke barguna, a wani sansani da ko kududdufi babu a kusa.

Jirgin da yake taƙama da shi ma ba nasa ba ne. Na marigayi Baba Orval ne, mahaifin matarsa Lorna. Ɗan siririn jirgi ne irin na da, fari da ratsin kore, ba nauyi, an ƙera shi ne don ya wuce ya bar ruwa a kwance sumul. A cikinsa Lorna ta koyi tuƙi tun tana ƙarama a kan cinyar ubanta. Da tsohon ya rasu sai ta kasa zama a kujerarsa, da ta kama sitiyarin sai hawaye. Ran nan ta ɗauko makullin ta miƙa wa mijinta.

Ta ce, "Ga shi. Ka goga shi da gadar bakin ruwa da muke ɗaure shi, zan yi haƙuri. Mai ya ƙare maka a tsakiyar tafki, zan yi haƙuri. Amma ranar da ruwa ya shigo jirgin Babana ta sama, ranar makullin nan zai dawo hannuna, kuma kai da kujerar nan sai kallo."

Royce ya ce, "Ruwa? Ni? Haba Lorna, ai ruwa ya san ni."

Ya goga shi da gada, ta yi haƙuri. Mai ya ƙare masa a tsakiyar tafki har sai da wasu 'yan mata suka jawo shi, ta yi haƙuri. Shi kuwa kujerar nan ita ce sarautarsa kaf a duniya. A gida ba a tambayarsa ko wane fenti za a yi wa ƙofa, amma da ya zauna a bayan sitiyari ya gyara hula, sai ka ji yana ba kifaye ma umarni.

Talakansa guda ɗaya ne, Dell, ƙanin Lorna, wani siririn mai gyaran lantarki da ba shi da abin so kamar allon ruwa. Ya ɗaure allon a ƙafafunsa, ya riƙe igiya, jirgi na jansa, ya yanko daga gefe da gudu ya taka tozon ruwan da jirgi ya bari a baya, tozon ya cilla shi sama. Iyakar girman tozo, iyakar tashinka. Tozon jirgin Baba Orval kuwa, Allah na tuba, bai wuce kaurin matashin kai ba. Dell na haƙuri da shi ne kawai don babu wani.

Sai ga Hoyt Bascom, likitan haƙori, maƙwabcin Royce na gada ta gaba, ya sayo sabon jirgi baƙi mai faɗi kamar falo. A cikinsa akwai tankuna. Ya danna maɓalli, famfo ya zuƙo ruwan tafki ya cika su, jirgi ya yi nauyi ya zauna daram cikin ruwa, ya riƙa tono tozo a bayansa har ƙugun mutum. Ba a yi mako ba Royce ya fito da safe da kofin gahawa a hannu, ya hango Dell a sama, ƙafafu a sama kai a ƙasa, a bayan jirgin Hoyt. Gahawar ta ƙi wucewa.

Da Dell ya fito yana tsane jiki, Royce ya tare shi a kan gada.

"Kai tsinken tsire, cin amana har a cikin ruwa?"

"Ba cin amana ba ne, Yaya. Tozon jirginka ko agwagwa ba ya ɗagawa. Shekaranjiya na yanko da dukkan ƙarfina zan taka shi, na neme shi na rasa."

"Don ba ka iya nema ba ne."

"Har tambaya na yi."

Hoyt na jin su daga gadarsa yana goge gilashi, ya yi murmushin nan nasa na mai haƙora talatin da biyu cif. Ya ce, "Royce, kada ka damu. In kana so ka zo in ɗana maka, akwai kujera a baya."

Kujera a baya. Royce ya ji kamar an mare shi da jiƙaƙƙen tawul. Ya ɗaga murya yadda har masu gadar ƙarshe za su ji, ya ce, "Wai me ke cikin jirgin naka in ba ruwa ba? Sirrin duk nauyi ne. Ni da na yi lodin jiragen yaƙi..."

Dell ya ce, "Da barguna."

"Bargo ba nauyi ba ne? Ku saurara. Ranar huɗu ga Yuli, ranar bikin 'yancin kai, a gaban kowa, zan tayar da tozon da zai cilla yaron nan ya leƙa rufin gidan Hoyt ya faɗa mana ko yana yoyo. In ban yi ba ku canza mini suna."

Kashegari ya dawo da salkunan roba guda biyu da ya samo a hannun wani, kowace in ta cika ta yi girman maraƙi. Ya shimfiɗa su a can ƙarshen jirgi, ya dura musu ruwa har suka yi tim, ya tayar da inji shi kaɗai don gwaji. Yana ba da wuta, gindin jirgi ya nutse, hanci ya ɗaga ya kalli sama kamar kare mai haushin wata. Royce ya duba gaba bai ga komai ba sai gajimare. Ya miƙe tsaye, bai gani ba. Ya hau kan kujera, hannu ɗaya a sitiyari ɗaya a hula, yana tafe yana ƙara wuta wai hancin ya sauko. A haka ya ratsa ta kan layin ƙugiyoyin wani tsoho mai kamun tarwaɗa, ya kwashe shi kaf. Ya dawo gada farfela a naɗe da zare, tarwaɗa biyu na bin sa a baya, tsohon kuma na bin tarwaɗarsa a ɗan kwalekwale yana ambaton kakannin Royce ɗaya bayan ɗaya.

Dell na zaune a bakin gada yana kaɗa ƙafa. Ya ce, "Sannu da zuwa, Kyaftin. Ka ga jiragen sama da yawa?"

"Gwaji ne. Haka ake fara gwaji."

"Ka jibge nauyi duk a baya, dole hanci ya tashi. Rabawa ake yi, wani a baya wani a gaba. Ka samo salka ta uku ka sa a hancin."

"Na sani. So nake in ga ko kai ka sani."

Salka ta uku ba ta samu ba, domin a makon biki ko ta tsummoki an saye. Royce ya shiga garejinsa yana huci, sai idonsa ya faɗa a kan buhunan simintin da ya saya tun wata bazara, wai zai yi wa Lorna daɓe daga ƙofar kicin zuwa gada. A gefensu ga ƙarafan motsa jiki da ya saya ya ɗaga sau ɗaya, ranar da ya sauke su daga mota. Ya tsaya ya yi dariya shi kaɗai. Ashe duk shekarun nan ba lalaci yake ba, tanadi yake.

Ya jira Lorna ta tafi sayen kankana, ya shiga jigila da baro. Dell ya iske shi yana cusa buhu na ƙarshe a hancin jirgi, gumi har cikin kunne.

"Yaya, siminti?"

"Nauyi nauyi ne. Tafki ba ya tambayar sunan kaya."

"Yana tambaya. Salka in jirgi ya sha ruwa ba ta jansa ƙasa, ruwa a cikin ruwa ba shi da nauyi. Wannan kuwa in ya samu hanya, sai ya kai ka gaida kunkuru."

"Wa ya ce maka jirgi zai sha ruwa? Kai dai ka ja bakinka. In Lorna ta ji, ni da kai ne."

Dell ya ja bakinsa, don shi ma a ƙasan ransa yana son ya ga tozon. Royce ya lulluɓe kayan da tawul-tawul, ya ɗora ƙyalle mai tuta a sama, wai ado.

Ranar biki tun hantsi lungun ya cika. Kowace gada da tutoci, da kujerun ninkewa, da akwatunan ƙanƙara. Hayaƙin gashi ya rufe ko'ina. Hoyt ya kwana yana lallaɓa naman ƙirjin bijimi a kan wuta, ya jera shi a tebur a can bakin gadarsa, yana yanka wa mutane yana karɓar yabo. Royce ya ja Dell suka yi ɗan zagaye a bayan tsibiri don dubawa. Hanci ya sauko kam, tozo kuma ya tashi. Sai dai na dama ne kawai ya tsaya santal, na hagu ya rushe ya zama kumfa kamar ruwan wanki.

Dell ya ce, "Jirgin ya karkata. Gefen da ya fi nauyi shi ke ba da tozo mai kyau."

"To me ke dama da babu a hagu?"

Dell ya dube shi daga hula har silifa. Ya ce, "Kai."

Da wani ne da ya ji haushi. Royce cewa ya yi, "Ka gani ko? Ni kaɗai na yi rabin aikin." Suka dawo gada, ya haura gida da sauri, sai ga shi ya fito rungume da sikelin banɗaki. Ya dire shi a tsakiyar gada, a gaban jama'a, ya tafa hannu.

"Ina neman masu kishin lungun nan su zauna mini a hagu. Fasto, bismilla."

Fasto Wendell mutum ne mai sanyin hali da ba ya iya cewa a'a, ga shi da faranti a hannu. Ya hau. Royce ya sunkuya ya karanta, ya miƙe ya shelanta kamar mai gwanjo.

"Laba ɗari biyu da saba'in. Fasto, ashe azumin da ka ce mana kana yi, na ruwa ne kawai."

Fasto ya ce, "Takalman ne ke da nauyi."

"Ai ba takalmi a ƙafarka."

"To farantin ne."

Aka kwashe da dariya, matar Fasto ta juya baya kamar ba ta san shi ba. Royce ya waiga neman na biyu, mata suka watse kamar an jefa dutse cikin kaji. Mutum ɗaya ce ba ta motsa ba, Gwaggo Verna, ƙanwar marigayi Baba Orval, tsohuwa mai jiki da harshe kamar reza. Tana zaune da ƙaton kek a cinya, ta ƙi ajiye shi a tebur saboda karen Hoyt.

Royce ya rage murya, ya sa ladabin da ba a san shi da shi ba. "Gwaggo, yaushe rabonki da shiga jirgin yayanki?"

Nan ya same ta. Idonta ya ɗan kawo ruwa, ta ce rabonta da shi tun Orval na da rai. Ta miƙe. Sai gogan ya tura mata sikeli da ƙafa.

Ta ce, "Royce, in sikelin nan ya taɓa ni, da shi za a auna maka akwatin gawa."

"To ba komai, Gwaggo, zan kimanta." Ya ja da baya, ya kanne ido ɗaya, ya zagaye ta kamar mai sayen saniya a kara. "Rabin salka da ɗoriya."

Jakarta ta same shi a ƙeya, hular kyaftin ta yi tsalle. Amma ta shiga, don jirgin yayanta ne, ta zauna a hagu bayan Fasto, da rigar ceto a wuya da kek a cinya.

Lorna na yanka kankana a inuwa. Ta ɗago ta dubi jirgin, ta sauko kan gada da wuƙar a hannu.

"Royce, me ya sa jirgin Babana ya durƙusa haka? Ratsin koren ma ya nutse."

"Haka ake so. Ilimi ne, ba za ki gane ba."

"Me ke ƙarƙashin tawul ɗin can?"

"Lemo."

"Lemo mai kusurwa huɗu?"

"Sabon fitowa ne."

Ta dube shi, ta dubi Dell, Dell ya duƙufa ɗaure allo kamar bai taɓa ganin igiyar takalmi ba. Ta nuna mijinta da tsinin wuƙa ta ce, "Ka dai tuna maganata." Royce ya sara mata irin ta soja, ya tayar da inji.

Jirgin ya yi nishi. Ya yi gurnani, ya yi tari, ya ja jiki kamar tsohon jaki da aka yi wa lodin gishiri. Dell na cikin ruwa yana shan kumfa, igiya na neman cire masa kafaɗa. Can da ƙyar jirgin ya hau kan ruwa ya miƙe. Jama'a, sai ga tozo. Abin da ya tashi a bayan ɗan jirgin nan, tun da aka ƙera shi bai taɓa mafarkinsa ba. Dell ya buɗe can gefe, ya yanko, ya taka, ya tashi sama har allonsa ya tare rana. Mutanen gada suka ɗauki ihu da tafi. Hoyt ya tsaya da wuƙar nama a hannu, murmushin ya tafi hutu.

Royce ya ji duniya ta dawo sabuwa. Da ya tsaya a nan, da yau wani labarin muke ba ku. Amma ina, kan ya riga ya kumbura ya cika hula.

"Fasto, matsa gaba kaɗan. Ya yi yawa, dawo. Gwaggo, jingina hagu. Ba ke duka ba, rabinki."

"Zan jingina maka mari in mun sauka."

"Fasto, ɗaga ƙafar dama. Yauwa. Kada ka yi numfashi da ƙarfi, kana ɓata mini tozo."

Ya ga tafin bai ishe shi daga nesa ba, sai ya karkato ya bi ta bakin gadoji, inda kowa ya san ba a wucewa da gudu. Tozon da ya cilla Dell bai tsaya a tsakiyar tafki ba, ya biyo baya ya nufi gaɓa. Gadojinmu na kan ruwa suke, suna iyo. Ta farko ta yi sama ta dawo, kujeru suka kife da masu su. Ta biyu ta zubar da akwatin ƙanƙara. Da ya iso ta Hoyt, teburin nan ya ɗaga ƙafa biyu, ya yi ɗan tunani, ya miƙa wa tafki ƙirjin bijimin da aka kwana ana gasawa. Karen Hoyt ya bi shi ba ko sallama.

Mutane suka miƙe suna ɗaga hannu suna zage-zage. Royce ya cire hula ya ɗaga musu.

Ya ce, "Kun ji, Fasto? Sunana suke kira."

Fasto ya ce, "Suna kira kam, har da na mahaifinka."

Dell ya hango naman nan na iyo, dariya ta kama shi a sama, ya sauko ta ka, ya saki igiya. To, ko yaron da ya fara tuƙi jiya ya san ƙa'ida. In mai allo ya faɗi kuma jirginka da kaya, sai ka sauke wuta a hankali, ka tsaya raƙuman ruwan da ka tayar su wuce, sannan ka juyo sannu-sannu kamar mai ɗauke da ƙwai. Royce ya san wannan, ya sha koya wa mutanen da ba su tambaye shi ba. Amma ga jama'a na kallo, ga Lorna a tsaye a bakin gada. Ya ce bari ya nuna musu juyin sojan ruwa. Ya danne wuta, ya murɗe sitiyari har ƙarshe.

Jirgin ya juyo da gudu, ya yi ido biyu da abin da ya haifa. Raƙuman ruwa uku a jere, kowane ya fi hancin jirgin tsawo.

Gwaggo Verna ta ce, "Royce."

"Na gani, Gwaggo, lissafi ne."

"Royce."

Nan lissafi ya gudu ya bar shi. Ya fizge hannun wuta baya, ya sauke ta gaba ɗaya. Jirgi ya dafe, hancin da ke cike da siminti da ƙarafa ya sunkuya kamar mai neman gafara, raƙumi na farko ya hau ta kansa ya zauna a cinyar Fasto. Na biyu ya shigo ba sallama ya wuce har baya. Na uku bai ma sha wahala ba, don ya tarar an buɗe masa hanya. Inji ya yi tari biyu ya yi shiru.

Allah ya taimaka a kan tudun yashin da ke gaban gadoji abin ya faru, inda yara ke wasa. Jirgin ya sauka a hankali, hanci a gaba, ya zauna a ƙasa. Ruwa ya tsaya wa Fasto a ƙirji, yana addu'a ido a rufe, ƙafar dama har yanzu a ɗage. Gwaggo Verna na zaune ƙiƙam, ruwa a wuya, hannaye biyu a sama riƙe da kek, ko ɗigo bai taɓa shi ba. Salkunan nan biyu suka taso suka yi ta lilo abinsu a kan ruwa, ba abin da ya dame su. Royce kuwa na riƙe da sitiyari a ƙarƙashin ruwa, yana murɗa makulli.

Lungun duka ya zuba ido. Sai tawul-tawul suka taso ɗaya bayan ɗaya, ƙyallen tuta ya biyo su. Daga hancin jirgi wani toka-tokan gajimare ya fara yaɗuwa cikin ruwa, yana faɗi, yana faɗi, har ya kewaye su.

Dell ya yi iyo ya iso, ya dafa allonsa ya ce, "Yaya, lemonka na narkewa."

Wata dariya ta fashe daga gadar ƙarshe, ta bi gadoji kamar wutar daji. Har Hoyt, da ke tsaye yana kallon karensa na fitowa da rabin nama a baki, sai da ya zauna ya riƙe ciki.

Royce ya miƙe tsaye a cikin jirgi, ruwa na zuba daga aljihunsa. Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Ya ce, "Jama'a, ku kwantar da hankali. Da gangan na zaunar da shi. A soja haka muke gwada ƙarfin ƙasan jirgi."

Gwaggo Verna ta ce, "Matso kusa, ɗan nan, in gaya maka wata magana." Ya sunkuyo. Ta kifa masa kek ɗin a fuska, ta murza, ta ce, "Dama na yayana ne na toya, don tunawa da shi. Gara ka ci a madadinsa."

Lorna ba ta yi dariya ba. Ta ajiye wuƙa, ta cire takalmi, ta shigo ruwan da rigarta ta biki, tana ratsa tokar siminti har ta iso. Ta fara kama Gwaggo ta miƙa wa Dell. Ta ce wa Fasto ya sauke ƙafarsa. Sannan ta ɗora tafin hannu a gefen jirgin da ke ƙarƙashin ruwa, ta shafa shi yadda ake shafa mara lafiya, idonta ya yi ja. Royce ya ga haka. Tausayinta ya kama shi, tsoro kuma ya fi tausayin yawa.

Ta miƙa hannu.

"Lorna, ai in aka duba, ba ta sama sosai ya shigo ba. Ta gaba ne."

Hannun bai motsa ba.

"Kin dai ga tozon ko? Kowa ya gani."

"Na gani. Makulli."

Ya laluba ƙarƙashin ruwa ya zaro shi, ya sa mata a hannu a gaban lungu duka. Jirgin Hoyt ne ya jawo su gaɓa bayan an kwashe kaya, Royce na zaune a kujerar baya.

Sauran watan a cikin hancin jirgi ya yi shi, a durƙushe, da guduma da kurfi, yana sassaƙe simintin da ya fashe ya daskare. Makaniki ya busar da inji, jirgi ya tashi, don tsofaffin kaya ba sa mutuwa da wuri. Ranar da aka mayar da shi ruwa Lorna ta zauna a kujerar ubanta, ta kama sitiyari. Wannan karon hawayen bai hana ta ba. Ta sa salka ɗaya a baya, ta rage mata ruwa, ta dubi hancin jirgi, ta dubi mijinta da ke tsaye a gada kamar maraya.

Ta ce, "Shigo. Can gaba, a tsakiya, a ƙasa."

Ya shiga ya zauna. Jirgi ya daidaita cif kamar an sa ma'auni. Tozon da ya fito ranar bai kai na biki girma ba, amma santal yake hagu da dama, Dell ya ce bai taɓa taka irinsa ba. Kafin su dawo gada Royce ya riga ya gano cewa sitiyari kowane sakarai ma na iya riƙewa, gwaninta a wurin zama take.

Labari ya zaga tafki. Ran Asabar da safe Hoyt ya leƙo daga gadarsa, ya ce famfon tankinsa na hagu ya lalace, ga baƙi sun zo daga Dallas. Bai ko dubi Royce ba, da ke tsaye a gabansa.

"Lorna, don Allah ko za ki ara mini Royce zuwa azahar?"

Lorna ta ce, "Ɗauka. Amma kada ka bari ya taɓa komai, kuma ka dawo mini da shi a bushe."

Royce ya gyara hular kyaftin, ya tsallaka gadar Hoyt yana tafiyar ƙasaita, yana gaya wa baƙin cewa a duk faɗin tafkin nan shi kaɗai ake aikowa a nema.